Direban da Ya Bar Hannunsa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya gona, ya Anti da yara?

Idon Inna da sauƙi, amma ranar da na kai ta ganin likita mun ga tashin hankali. Ka san cunkoson mahaɗar kasuwa: hayaƙi, zafi, kowace bas ta cusa kai inda ta ga dama. Direbanmu ya bar hannunsa ya shiga na masu tahowa, ya banke wani mai keke da ya ɗauro ƙwai. Mutumin ya karye a ƙafa. Jama'a suka rufe direban da duka, 'yan sanda suka tafi da shi. Direbobin nan ba su ɗauki ran mutum a bakin komai ba.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Saƙonki ya iso, mun gode Allah da ya tsare ku. Antinki tana gaishe ki.

Jiya na hau tudu na samu sabis, na kira Inna. Ta ce tun ranar ba ki taɓa keken ɗinkinki ba, abinci ma sai ta yi miki faɗa. Ta ce direban dattijo ne, har saukowa ya yi ya taimaka mata ta hau. Da na tambayi yadda aka yi, sai ta ce in tambaye ki. Ke da kike cika shafi biyu da zagin direbobi, yau ga shi kin taƙaita. Me ya faru?

Ki gaida Inna.
Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Abin da na rubuta maka gaskiya ne, amma da saura.

A bayan direban nake zaune. Likita yana tashi da azahar, in muka rasa shi sai wani watan. Ina ganin wasu motoci suna bin ɗaya hannun suna wucewa, sai na ce, "Baba, kowa na tafiya, kai ka tsaya kamar an dasa ka."

Ya ce, "Yi haƙuri 'yata, can ba hannunmu ba ne."

Na ce, "In tsoro kake ji, ka koma gida renon jikoki mana."

Motar ta kwashe da dariya, wani ya shiga bubbuga ƙofa. Ya dube ni ta madubi, ya murza sitiyari.

Ana dukansa na ja hannun Inna muka hau wata motar. Kuma mun samu likitan, Yaya. Wannan ne ya fi ci mini rai. Inna ba ta tayar da zancen ba har yau. In na zo ɗiga mata magani sai ta zuba mini ido, ni kuma in kau da kai.

Ka yi mini addu'a.
Auta

Auta,

Ina amsawa. Ba zan ce miki babu komai ba. Sitiyari a hannunsa yake, amma bakinki ma ya yi tuƙi ranar. Zama a ɗaki ba zai ɗora ƙafar mutumin nan ba. Ki je ki duba shi.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya.
Yayanki

Yaya,

Barka da aiki. Na je asibitin da aka kwantar da mutumin. Na tarar da wata dattijuwa tana yi wa mai ƙwan fifita, ashe matar direban ce. Mijinta yana tsare har yanzu.

Ta ce, "Ke 'yar'uwar wannan bawan Allah ce?"

Na ce, "A'a Mama, ina cikin motar."

Ta ajiye maficin. "Kowa ya gudu, 'yata. Tunda na aure shi bai taɓa barin hannunsa ba. Me ya same shi ranar?"

Na ja kujera na zauna, na faɗa mata duka.

Gobe za mu je wajen 'yan sanda tare. Ba ta ce ta yafe ba. Ta dai ce in fito da wuri, saboda hanya.

Ka gaida kowa.
Auta