Ranar da Bayan Alkasum Ya Taɓa Ƙasa

Damagaram, Alhamis 28 ga Nuwamba 2024, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a barandar asibitin unguwarmu

Zuwa ga mahaifina Malam Isma'ila, Dakusa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kana lafiya, da Inna, da Rakiya wadda na san ita za ta karanta maka wannan. Yaya ƙafar? An gama ɗaure hatsin kuwa? Allah ya sa albarka a abin da aka samu.

Na rubuto maimakon in kira, domin kullum kana cewa muryata ba ta fita a waya, ni kuma da na ji kana jira sai maganar ta ɓace mini. Idirisu direba zai kawo maka.

Majo, wato shugabar ma'aikatan jinya a nan, ta zaɓe mu mu biyu, ni da abokiyar aikina Aliya, mu zauna a filin kokawa ranar Asabar da Lahadi, lokacin zaɓen waɗanda za su wakilci jiha. Na san za ka yi dariya. Ɗanka da ka ce ko zakara ya ture shi zai faɗi, yau ga shi zai shiga fili, amma da jakar magani.

Abin da ke damuna wata na'ura ce da aka damƙa mana. Wata ƙungiya ce ta ba garin nan irinta guda uku. Girmanta bai wuce rediyonka ba. Idan zuciyar mutum ta rikice ta daina tura jini, ana manna masa faifai biyu a ƙirji, na'urar ta duba, in da hali ta ba shi wuta sau ɗaya don zuciyar ta koma bugunta. Ita ke faɗin abin da za a yi, da Faransanci. A lakwal, wato makarantar jinya, na yi aiki da irinta, amma a kan mutum-mutumin roba kawai. Wata biyu ke nan da karɓar diplom ɗina, Baba. Yau na duba batirin sau uku, har Aliya ta ce in bar shi ya huta. Ka sa ni a addu'a kada a buƙace ta.

Rakiya, ki karanta wannan a hankali. An ce Alkasum na Zermu zai zo da yaransa. Shi dai wanda ya kayar da kai a Mirya tun ba a haife ni ba, wanda kake cewa da ka sa masa taɗiya da wuri da labarin ya sha bamban. Zan kalle shi da kyau in ba ka labari.

A gaida Inna da kowa.

Ɗanka,
Mahamud

Damagaram, Litinin 2 ga Disamba 2024, ƙarfe tara na safe

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna da Rakiya, da fatan kun tashi lafiya.

Da farko, Alkasum yana da rai. In labari ya iso Dakusa cewa ya rasu a fili, ba gaskiya ba ne. Na biyu, in an ce maka ɗanka ya yi faɗa da 'yan kokawa, wannan ma ba haka ba ne, ko da yake akwai abin da ya jawo maganar. Bari in faɗa maka yadda aka yi.

Jiya da yamma, biyar da minti bakwai a agogona, wani yaronsa ya kayar da ɗan Magarya. Alkasum yana bakin fili kusa da makaɗa. Ya miƙe, ya ɗaga hannu, sai na ga gwiwoyinsa sun saki. Kafin ya kai ƙasa yaransa sun tare shi. Biyu suka rataya hannuwansa a wuyansu, babbansu mai suna Sallau ya tokare shi ta baya. Wani yana fifita, wani yana zuba masa ruwa a kai.

Na ruga, Aliya na biye da na'urar. Na kira sunansa, bai amsa ba. Na taɓa jijiyar wuya, babu komai. Yana jan wani irin numfashi jefi-jefi kamar minshari, su kuma suna cewa ai ga shi yana numfashi. An koya mana wannan ba numfashi ba ne, alama ce ta zuciyar da ta tsaya. Na ce a kwantar da shi rigingine yanzu.

Sallau ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya ce, “Yaro, shekara ashirin mutumin nan ya yi yana kokawa bayansa bai taɓa yashin nan ba. Ba yau za a fara ba, kuma ba a gaban 'yan Magarya ba.” Nufinsu su fitar da shi a tsaye zuwa mota, kamar wanda jiri ya ɗiba. Ba mugunta ba ce, Baba, kai ka fi ni sanin abin da suke karewa. Amma ƙofa tana da nisa, mutane sun cika hanya, kuma ba a danna ƙirjin wanda yake tsaye. Kowane minti jini bai kai ƙwaƙwalwa ba, wani abu ne ke tafiya wanda ba lalle ya dawo ba. Na yi bayani sau biyu. Kiɗa na tashi, muryar nan tawa da ka sani ba ta fita ba.

Sai na tuna taɗiyar da ka koya mini a ƙofar gida ina ƙarami, wadda na kasa har ka haƙura. Na rungumi Alkasum ta gaba, na tallafe ƙeyarsa da tafina, na sa ƙafata bayan diddigen Sallau na ja. Muka zube mu uku. Ina so ka san gaskiyar abin: ba ƙarfina ba ne. Sallau yana ɗauke da nauyin wani mutum, kuma ƙafafunsa a haɗe suke.

Filin ya ɗauki ihu. Wani ya shaƙe wuyan rigata, ni kuwa na riga na ɗora hannuwa a tsakiyar ƙirjin ina dannawa. Da Sallau ya zare jikinsa ya ga fuskar maigidansa daga gaba, yadda leɓunan suka canza, shi da kansa ya ɓamɓare hannun mutumin daga wuyana. Ya yi wa sauran magana, suka kewaye mu suka juya mana baya, kafaɗa da kafaɗa, don kada jama'a su ga Alkasum a kwance. Wannan katangar ta taimake mu ƙwarai, ba wanda ya sake matse mu.

Ina dannawa na ji haƙarƙari ɗaya ya yi ƙaras a ƙarƙashin hannuna. An gaya mana hakan na faruwa kuma ba a tsayawa, ban tsaya ba. Aliya ta yanke rigar da almakashi, ta yanke igiyar layunsa ta miƙa wa Sallau da hannu biyu, ta goge ruwan da aka zuba da gefen mayafinta. Muka manna faifan, ɗaya ƙasan ƙashin wuya ta dama, ɗaya a gefen hagu ƙasan hammata. Na'urar ta ce kowa ya janye. Sallau yana riƙe da yatsun maigidansa, sai da Aliya ta buge hannunsa. Na danna maɓallin. Jikin ya zabura. Na ci gaba da danna ƙirjin kamar yadda na'urar ta ce. Kafin ta sake dubawa na ji ƙirjin ya ɗaga da kansa. Aliya ta taɓa wuyan ta kalle ni, ta gyaɗa kai.

Motar asibiti ta kai shi babban asibiti. Zuciyar tana bugawa, amma har yanzu bai farka ba. Daga sakin gwiwarsa zuwa ba shi wuta minti biyar ne, biyu daga ciki a tsaye ya yi su ina roƙo. Likita ya ce ba a san abin da suka yi wa ƙwaƙwalwarsa ba sai ya buɗe ido. Waɗannan biyun nake ta juyawa a raina. Ku yi masa addu'a.

Ɗanka,
Mahamud

Damagaram, Juma'a 13 ga Disamba 2024, bayan saukowa daga masallaci

Babana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ka da Inna. Rakiya, na gode da amsar da kika rubuto, har da wurin da kika ce Baba ya sa ki maimaita maganar taɗiya sau huɗu, sannan ya kira maƙwabta kika sake.

Alhamdu lillahi, Alkasum ya farka tun ranar Talata ta makon jiya. Na jira sai da likita ya tabbatar kafin in rubuto. Ya gane matarsa, ya gane yaransa, ya nemi fura. Abin da ya manta kawai shi ne yinin Lahadin.

Jiya ya aiko Sallau ya ɗauke ni a kan kabu-kabu. Ban san ko an gaya masa ni na kai shi ƙasa ba. Ashe matarsa ta gaya masa tun ranar farko. Na same shi a jingine da matashi, ɗakin cike da ƙattai. Ya ce su matsa ya ga wanda ya kai shi ƙasa. Da ya gan ni ya fara dariya, haƙarƙarin ya hana shi, ya dafe wurin ya ce, “Wannan? Sallau, wannan ne ya haɗa mu ni da kai?” Sallau ya sunkuyar da kai ya ce ƙafarsa ce ta zame. Alkasum ya ce duk wanda ya faɗi haka yake cewa.

Na durƙusa na ba shi haƙuri kan haƙarƙarin da igiyar layun. Ya ce igiya ana sake ta. Sannan ya juya ga yaransa ya ce da sun ci nasarar riƙe shi a tsaye, da a tsaye za su kai shi makabarta, suna ta yabon kansu. Ba wanda ya ɗaga ido. Ya ce kafin su tafi gasar ƙasa kowannensu sai ya koyi danna ƙirji a wurina. Mun fara da safiyar yau, mutum tara, da mutum-mutumin roba da Majo ta aro. Wahalata da su ita ce su rage ƙarfi. Sallau ne ya fi kowa kiyaye ƙidaya.

Ya kuma aika wa shugabannin fili cewa kada a mayar da na'urar cikin biro, wato ofis, a kulle. Yana so a rataye ta a Zango, inda jama'a suke yini, a riƙa kai ta fili ranar wasa kawai. Sun ce za su duba.

Da zan tafi ya tambayi ɗan wane ne ni. Na faɗi sunanka da Dakusa da Mirya. Sai ya ce in gaya maka ka yi jinkirin rama kayenka, amma ya karɓa.

Kada in bar ka da abin da ban tabbatar ba, ga abubuwan da har yanzu ban sani ba:

Ko zuciyar za ta sake tsayawa. Likita ya ce sai an yi wani gwaji a Yamai.

Inda sauran na'urori biyun suke, da wanda ke riƙe da makullinsu.

Ranar da sababbin faifai za su iso, don waɗanda muka manna ba a sake amfani da su. Saura guda biyu na ajiya a jakar.

Ko da gaske ya tuna da kai. Ya ce kai dogo ne mai saje, ni kuwa ban taɓa ganinka da saje ba.

Wanda ya ba makaɗa sunana, har yara suke bi na a hanyar aiki suna kirari.

Ko wannan kaye ne a ƙa'ida. Alƙalan fili sun ce a'a, tunda ba a busa usur ba. Alkasum ya ce bayansa ne, shi ya san abin da ya taɓa. Ya ce ka zo Damagaram da kanka ku yanke hukuncin tare, kuma ka zo da ƙafar da ka koya mini da ita.

Idirisu yana tasowa daga Dakusa ranar Talata. Na riga na kama maka kujerar gaba.

Ɗanka mai ƙaunarka,
Mahamud Isma'ila