Tekun da Na Zana a Allo

'Yata Milembe,

Ina gaishe ki. Yaya garinmu Tabora, yaya ƙafar mahaifiyarki? Ni lafiya lau, in ban da bayan nan da ba ya son sunkuyo.

Kin ce in dawo gida. To, ga gaskiya: ni ba akawun otal ba ne kamar yadda na gaya muku, sharar bakin teku nake yi a ƙauyen Paje, baƙi na tsallake tsintsiyata. Ladan shekara talatin da na yi ina koyar da labarin ƙasa ke nan.

Amma tekun nan, Milembe! Kullum sai ya janye har ƙarshen gani, mata su bi shi da ƙafa suna ɗaura ciyawar ruwa a igiya. Shekaranjiya na bi su. Na tsaya baki buɗe har ruwan ya dawo ya kai mini gwiwa. Wata tsohuwa mai suna Bi Mtumwa ta fizgi hannuna: "Malam, tekun da ake zanawa a allo ne ba ya cin mutum. Taho!"

Sau ɗari na koyar da wannan, ashe ban taɓa gaskata shi ba.

Ba zan dawo ba tukuna. Ki kawo mahaifiyarki ta gani tun ƙafar na iya taka yashi.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Kisinza