Liyarin Umma

Talata, 8 ga Janairu, 1980

Malam mijina ya dawo daga taron ƙungiyarsu ta masu tara tsofaffin kuɗi a Sedgefield, nan ƙasar Turawa da muke zaune, bakinsa har kunne. Ashe liyarin Umma ya ɗauka daga akwatina ya kai musu, ko sallama bai yi mini ba. Kuɗin azurfar nan mai kan sarauniyar Turawa, wanda Baba ya sa maƙeri ya goge bayansa ya zana sunan Umma da ajami shekarar da suka yi aure. Shi kaɗai na fito da shi daga ɗakinta da ta rasu.

Wai Mista Pruitt, wani ɗan ƙungiyar tasu, yana so. Wai kuma an riga an yi masa alkawari.

Alhamis, 10 ga Janairu

Ban yi girki ba. Ya ci burodi.

Asabar, 12 ga Janairu

Mun je gidan Pruitt a Summerfield. Dawakai a waje, kuɗaɗe masu kan matattun sarakuna cikin gilashi a ciki. Pruitt ya sa madubin ƙara girman abu a ido ya nuna mini wani ɗan tabo a wuyan sarauniyar, chop mark suke ce masa. Wani ɗan kasuwa ne can da daɗewa ya buga tambarinsa don ya tabbatar azurfar ta ƙwarai ce. Wannan, in ji shi, tarihi ne. Da ya juya bayan sai ya girgiza kai kamar wanda ya zo ta'aziyya: love token, wato kuɗin da aka zana wa sunan masoyi, an lalata shi, amma ba komai, in an sa a firam bayan zai fuskanci bango.

Na tambaye shi ko ya iya karanta abin da aka rubuta. Ya ce ya ɗauka ado ne. Malam, wanda ya sauke Alƙur'ani tun yana yaro, ya tsaya yana yaba labule.

To ga hikimarsu: in mutum ya soki kuɗi don bai yarda da ɗan'uwansa ba, tarihi. In ya rubuta sunan matarsa, ɓarna. Na karanta tarihi fiye da su duka, ban taɓa cin karo da wannan babin ba.

Na karɓe abina na sa a jaka.

Alhamis, 17 ga Janairu

Yau gaskiya ta fito. Pruitt yana cikin kwamitin da zai duba sabunta aikin Malam a jami'a. Malam ya ce, "Haba Huseina, ƙarfe ne fa. Umma tana zuciyarki."

Na ce, "To Malam, kai ma ka sa aikin a zuciyarka."

Litinin, 21 ga Janairu

Azurfa ta yi tsada, gari ya haukace. Layi har titi a shagunan sayen azurfa, tsofaffi riƙe da cokulan kakanninsu. An ce duk kuɗin da aka zana wa suna narkarwa ake yi, masu tarawa ba sa so. Masu tabo kuwa ana ware su a auduga.

Na san abin yi. Zan sa a huda liyarin daidai kan tambarin nan, in zura sarƙa. Sai Pruitt ya rataye ramin a bangonsa.

Asabar, 26 ga Janairu

Na je wurin mai gyaran sarƙa. Ya ba ni madubinsa in nuna masa daidai wurin. Ban taɓa kallon tabon da kyau ba. Ya ɗan karkace, an buga sau biyu, kamar hannun ya zame a karon farko. Wani bawan Allah ne dai a rumfarsa, yana tsoron kada a cuce shi. Baba ma haka yake cizon kuɗi a kasuwa.

Na ce a bar hudar, a liƙa masa kunnen zura sarƙa a sama. Don hudar za ta ci harafin ƙarshe na sunan Umma, dalilin da na gaya wa kaina ke nan. Ban juya na duba ko za ta ci ba.

Da kunne ma Pruitt ba zai so shi ba, Malam ya faɗa da ya gan shi a wuyana. Ya zauna bai cire kwat ba. Ran Laraba kwamitin zai zauna.

Na yi tuwo. Na sa masa man shanu da yawa, hannuna ne ya zame.