Gonarki da Ke Hannun Kawu

Zuwa ga Inna, Hajara 'yar Malam Audu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifiya, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ina sanar da ke muna nan ƙalau. Ni ina Birnin Kudu ina koyarwa, ƙanwata Hansai tana ƙauye da marayunta uku. Na san wasiƙar nan ba za ta same ki ba, amma za ta sami ƙaninki Kawu Sale, domin duk abin da na rubuta akwai mai karanta masa, wani lokaci har da ƙari. Saboda haka zan ware abin da na gani daban, abin da nake zargi daban.

Kin tafi kafin a ba mu jiha. Yanzu mu 'yan Jigawa ne, hedkwatarmu Dutse, an yi murna an yi kiɗa. Abin da ba a faɗa mana ranar murnar ba shi ne ƙasa za ta yi daraja. Gonakin bakin hanyar Gwaram, waɗanda a da ba mai kallonsu sai mai tsayawa kama ruwa, yanzu motoci ne ke tsayawa, masu manyan riguna su fito suna duba su kamar masu taya rago.

Da ranin nan wasu mutane suka zo ƙauyenmu da na'urar awo mai ƙafa uku. Suka kafa turakan siminti masu jan fenti tun daga hanyar Sara har bakin fadama. Aka tambaye su wa ya aiko su, suka ce daga sama ne. Wani ya ce makaranta za a gina, wani ya ce gonar kamfani ce, na uku ya ce filaye za a yanka. Mutum uku, mota ɗaya, amsa uku. Gonarki ta wajen kuka tana tsakiyar turakan.

A jami'a an koya mini tarihin wannan ƙasa, har na ci jarrabawa a kansa. Turawa sun zo suka rubuta cewa ƙasa tana hannun gwamna. Sojoji suka zo suka sake rubuta hakan da sabuwar tawada. Duk a cikin littattafan ban ga inda aka tambayi mai fartanya ba. Ke kuwa naki tarihin gajere ne: kakanki ya sare dajin, dagaci ya shaida, aka dasa gamba a kan iyaka. Ba takarda, ba hatimi, sai idon maƙwabta. Ya kuma yi aiki shekara da shekaru, muddin maƙwabtan suna da rai kuma ba su da wata buƙata.

Da Malam Audu ya rasu, gonar wajen kuka ta faɗo a rabonki. Kina aure a Birnin Kudu, sai kika ba Kawu aronta. Kowa a ƙauye ya san ƙa'idar aro. Duk kaka mai aro zai kai wa mai gona dami ɗaya, ba don kuɗin haya ba, don dai jama'a su gani su tuna gonar ta wace ce. Kuma ba ya dasa itace a ciki, domin mai dasa itace ba shi da niyyar tashi.

Ina tuna damin geron nan a saman bas, da Kawu yana sallama tun daga zaure: "Yaya, ga shaidarki na kawo!" Ke kuma ki yi ta faɗa wai ya wahalar da kansa, ki dama masa fura da nono mai yawa.

Sai aka yi shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Ya kawo damin, ƙarami, zangarniyar duk ta ƙanƙance. Kika ce, "Sale, mayar da shi, bakin da ke gidanka ya fi na gidana yawa." Ya mayar. Shekara ta zagayo aka yi damina mai albarka, dami bai zo ba. Ba ki tambaya ba. Wadda ta biyo ma haka.

Muka je suna ƙauye, muka bi ta gonar. Ga dashen mangwaro guda huɗu, an kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki. Kika tsaya kina kallonsu har na gaji da tsayuwa. Abin da kika ce kawai shi ne, "Sale ya iya dashe." A lokacin na ɗauka yabo ne. Sai da na girma na gane kin ga komai, kara ce ta rufe miki baki.

Ranar rabon gadonki an lissafa kwanuka, da tufafi, da awaki biyu, da keken ɗinki. Ba wanda ya ambaci gona. Na kalli Kawu, shi kuma ya sami wani abin kallo a jikin tabarma. Ni ma na yi shiru, don 'yarki ce ni.

To, da aka kafa turakan nan gari ya tashi. Dattawan da ban taɓa jin sun ɗaga murya ba suka ce ba za su yarda ba, matasa suka ce a tumɓuke turakan a zuba a rafi. Wanda ya fi kowa murya kuwa Kawu ne. Shi ya hana a taɓa turakan, ya ce a rubuta koke a kai wa hukuma, kowa ya dangwala yatsa. Gaskiya ya yi dabara, ba zan hana shi wannan ba.

Ya zo gidana da ƙwaryar gyaɗa, zuwansa na farko tun sadakar arba'in ɗinki. Ya ce, "Malama, yau bokonki zai yi rana." So yake in tsara musu koken, in buga da tafireta, in haɗa da jerin gonakin da abin ya shafa da sunayen masu su. Ya miƙo mini jerin a takardar da aka yago daga littafin makaranta. Na bi shi daga sama har ƙasa, babu sunan mace ko ɗaya, kamar a garin ba a taɓa haifar 'ya mace ta gaji ubanta ba. A wajen sunansa an rubuta: Sale Audu, gona biyu.

Na ce, "Kawu, ta biyun wacce ce?"

Ya ce, "Ta wajen kuka mana."

Na ce, "Ta Inna?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai buga, ai duk abu ɗaya ne. Gwamnati ba ta san aro ba. In an tsira sai mu zauna a gida mu yi magana."

Inna, tun da kakanki ya sare dajin nan ba a taɓa rubuta gonar a takarda ba. Wannan ce ta farko, kuma da hannuna za a buga ta. In an yi nasara, takardar za ta zauna a ofis tana cewa gonar ta Kawu ce. In ba a yi ba aka koma maganar diyya, sunan da ke takarda shi za a kira. Ko ta ina aka ɓullo, zaman gidan nan da ya ambata zai tarar an riga an gama magana.

Ga abin da nake zargi, ban kuma ce na tabbatar ba. An ga Kawu ranar kasuwar Gwaram a gidan gaban motar wani dillalin filaye. Ya ce rage masa hanya aka yi. Yana yiwuwa, dillalai ma suna da tausayi. Na kuma lura layin turakan, wanda ya miƙe sambal tun daga titi, da ya iso gonar wani mai faɗa a ji a garin sai ya yi kwana ya bar ta a waje. Ƙila na'urar ce ta san mutunci. Ban san ko Kawu yana ihu don a bar mana ƙasa ba ne, ko don farashinta ya ƙaru. Mai yiwuwa shi kansa bai yanke ba tukuna.

Na je wurin Hansai. Na same ta tana matsar ƙuli, wanda da shi take awon hatsi mudu-mudu, alhali geron gonarki ta ƙofar gidanta ake wucewa da shi zuwa rumbun Kawu. Na faɗa mata abin da nake shirin yi. Ta ce, "Yaya, ni dai kada a ce mun tozarta Kawu. Ke za ki hau mota ki koma, ni ce a nan. Wa zai tsaya wa yaran nan ranar aurensu?" Na ce mata yaran sai sun ci sun girma kafin a yi maganar aure. Ta ci gaba da matsa, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Aka taru a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar. Maza a waje, mata a bayan zana, ni a bakin zaure, wurin da aka ga ya dace da macen da ake buƙata amma ba a saba da ita ba. Na karanta koken, ana ta gyaɗa kai. Na shiga jerin gonaki. Da na iso wurin, na karanta yadda na buga: gonar wajen kuka, ta marigayiya Hajara Audu, tana hannun Sale Audu bisa aro, ba a raba gadonta ba.

Kawu ya ce, "Ana maganar gari, ke kina maganar ɗaki? Wa ya sa ki?"

Kafin in amsa, Malam Tanko, tsohon nan da gonarsa ke iyaka da taki, ya gyara zama ya ce, "To, ni dai na sha taya Sale ɗora damin nan a mota. Sai dai ko tsufa ne ke sa ni mafarki." Aka yi 'yar dariya. Liman ya ce in haka ne, kashi biyu cikin uku na 'ya'yanki ne, ɗaya na Sale. Na ce na sani, ban zo hana shi nasa ba.

Sai wata murya daga bayan zana ta ce, "Malama, a duba ta Iyata ma, tana cikin ta Garba." Wata ta bi bayanta. Kafin a kira magariba na gyara layi uku da biro. Wasu mazan ransu ya ɓaci ƙwarai. Ina jin wani yana cewa masu turakan ne suka turo ni in raba kan jama'a, ai 'yan boko duk bakinsu ɗaya. Ban ji haushi ba. Da ni ce shi, da na yi wannan zargin.

Aka kawo tawada. Kawu ya dangwala, bai kalle ni ba. Aka miƙa takardar bayan zana, ta dawo da yatsan Hansai a gefen sunanki.

Washegari aka ɗunguma Gwaram, wasu a bas, wasu a keke, wasu a ƙasa, Kawu a gaba. An karɓi takardar da hannu biyu, aka ce za a duba. Har yau turakan suna nan, masu awo ba su dawo ba, ba kuma wanda ya ce an fasa. Mutanen gari suna cewa an ji tsoronsu ne. Ni shirun nan bai kwanta mini ba.

Makon jiya aka yi ruwan shuka. Hansai ta aro sungumi, ta ɗauki ƙwaryar iri, ta shiga gonarki ita kaɗai, tana sara tana komawa baya tana zuba iri. Ta yi layi biyu sai ga Kawu. Ya karɓi sungumin ya shiga gaba yana sara, ita tana binsa tana zubawa tana rufewa da ƙafa, har suka kai ƙarshen gonar. Da zai tafi ya ce ta gaida yara.

Ta ba ni labarin tana hawaye, ta ce Kawu ya sauko. Ni kuwa abin da ya fara zuwa raina shi ne gonar a bakin hanya take, duk mai wucewa ya ga wanda ke riƙe da sungumi. Ban ɓata mata ba. Ke kika goye shi, Inna, ke kika san wanne ne a ciki, kuma na san da kina nan kyakkyawan za ki zaɓa masa.

Ki yafe mini, na faɗi a gaban jama'a abin da kika rufe har kika koma ga Allah. Ba don na fi ki sani ba ne. Kunyar da kika ji ta ƙaninki ce, yunwar kuwa ta jikokinki ce, na kasa haɗa su a ma'auni ɗaya.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya haɗa ki da iyayenki a Aljanna. Allah Ya raya abin da Hansai ta shuka, Ya sa ita za ta girbe shi. Kawu kuma, in na zalunce shi da zato, Allah Ya yafe mini, in ban zalunce shi ba, Allah Ya shirye shi.

Taki har kullum,
Zuwaira