Goggo da Jandarmar Tele

Dogon Dutsi, daren Talata, 14 ga Oktoba

Tun da aka kira ni koyon aiki a gidan tele na Yamai, Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, ga shi Litinin za a fara.

Ɗazu muna kallon fim ɗin jandarmar nan mace, mai shurin maza tana ihu. Yaya Sani ya nuna ta da baki ya ce, "Baba, ga abin da Hadiza za ta koyo." Na tanadi hujjojina tsaf, amma kafin in buɗe baki aka riga ni.

Goggo, yayar Baba da ta zo daga Lugu, tana ɓarar gujiya. Ta ce, "Wagga ihu takai don ba a jin maganatta. Kai Mamman, ɗiyag ga tawa ce, kuma ta tahi."

Mamman! Haka, ba Alhaji. Baba ya cire hula, ya shafa kai, ya tambaye ni ko motar asuba zan shiga.

Ban taɓa ganin mace irin Goggo a tele ba. Ban ma san yadda za a ɗauke ta a fim ba, tunda ko kai ba ta ɗaga daga ƙwaryar gujiyar ba.