Jan Zare a Wuyan Kwalba

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan kalau muke, ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida da kanta.

Yaya, aikin wankin kwalaben da ka samo mini a ɗakin bincike saura ƙiris ya kuɓuce mini. Ka san Malama, shugabarmu, ƙwayoyin cuta take nazari. Yadda na tsinta a bakin ɗalibanta, kowace ƙwaya tana da fata ta maiƙo. Wasu ƙwayoyin sukan ɗauko ɗaya daga ƙananan tubalan da ake gina furotin da su, su liƙa a jikin maiƙon, daga nan fatar ta riƙa tunkuɗe magani kamar mayen ƙarfe biyu da suka ƙi juna. Maiƙon nan ake aunawa a kwalaben da nake wankewa.

To, mako uku awon yana fitowa a hargitse. Babban ɗalibinta, wanda muke kira Farfesa saboda iyayi, ya ce ai ni ne ban iya ɗauraya ba. Malama ta ce in awon Alhamis ya lalace, in nemi wani wuri. Ni kuwa na lura tun ranar da mai sito ya kawo garin sabulu maimakon na ruwan da muka saba abin ya fara. Sau biyu ina faɗa, Farfesa ya ce wanda bai gama firamare ba me ya sani. Na haɗiye. Sai na tatso ɗan ragowar tsohon sabulun daga gindin jarka, na wanke rabin kwalaben da shi, na ɗaura musu jan zare a wuya. Ranar Alhamis masu zare duk suka fito daidai, sauran suka haukace. Ashe garin sabulun yana ɗauke da irin sinadarin da ake aunawa a maiƙon.

Aikina dai ya tsira, amma raina a ɓace yake. A taro Farfesa ya miƙe ya ce shi ya gano, aka tafa masa, ina bakin famfo ina jiyowa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Malama ba ta tafa ba, an ce kwalba ɗaya ta ɗauka ta daɗe tana jujjuya zaren. Jar hular da ka bar mini na warware na samu zaren, Yaya, don haka in ka zo kada ka tambaye ni ita.

Ka gaida Anti, da Auta, da Kawu in kun haɗu. Inna tana sa muku albarka.

Ni ne ƙaninka mai ƙaunarka.