Hannun da Ke Yi wa 'Yata Wanka

Anti Wadia, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Ni Kirista ce daga Bolga, ina haya a wani gidan yawa a Maamobi. Haihuwata ta fari ke nan, uwata ta rasu, mijina kuma direban trotro ne, wato motar haya, tun asuba yake fita. Ranar da aka sallamo mu daga asibiti ko riƙon jaririyar ban iya ba, sai kuka, ita tana yi ina yi. Wata tsohuwa Musulma da ke ɗakin kusa da namu, Mma Azara, ta shigo da ruwan zafi ba wanda ya kira ta. Tun ranar ita ke wanke min yarinya, ta gasa mata cibiya, ta shafe ta da man kaɗe, ni kuma ta dama min koko ta tsare ni sai na shanye. Faɗa kuwa, kamar ita ta haife ni!

To, matan zumuntarmu ta coci sun zo barka, suka ji tana bisimilla kafin ta zuba ruwa. Shugabarmu ta ja ni gefe, wai ban san abin da ake tofa wa 'yata ba, wai ranar miƙa ta a coci kada hannun nan ya ɗauke ta. Alhali a wajenmu mai wanka ita ke fito da jariri. Anti, tsoro ya kama ni. Shekaranjiya na ce wa Mma yarinya na mura, a bar wankan. Ta juya da butarta ta koma. Na leƙa ta taga na gan ta zaune da butarta har ruwan ya huce. Yanzu gaisuwa kawai muke yi, kuma zuciyata ciwo take. Ba na son in ɓata da cocina, ba na son in rasa ta. Yaya zan yi?

Mai jego, Maamobi

'Yata mai jego, barka da arziki. Matan zumuntarku ba mugaye ba ne, tsoro suke ji miki, kada ki yi gaba da su. Sai dai sun ji kalma ɗaya rak, ke kuwa kin ga makonni na hidima. Abin da Mma Azara ke faɗa sunan Allah ne take kira kafin ta taɓa abu mai daraja. Ba zai cire 'yarki daga hannun Yesu ba, kuma ban san inda ya koya mana gudun maƙwabcin da ya yi mana alheri ba. In tana yi wa yarinya wanka, ke ma yi taki addu'ar a fili, ba za ta hana ki ba.

Batun coci, ki sami fasto ke da mijinki ku gaya masa komai. Ita ma Mma ki tambaye ta, kada ki yanke mata hukunci. Wataƙila shiga coci zai yi mata nauyi. In haka ne, ta fito da yarinya tsakar gida ta miƙa wa shugabarku hannu da hannu, kowa ya samu nasa.

Amma wannan duk na baya ne. Tsohuwar nan ta san ba mura ba ce. Gobe da safe ki dafa ruwan da kanki, ki ɗauki 'yarki ki ƙwanƙwasa mata ƙofa, ki gaya mata gaskiya, ki ba ta haƙuri. Za ta yi miki faɗa, ki tsaya ki sha. Allah ya raya mana yarinya, ya bar miki uwar da ya ba ki.

Anti Wadia